Ranar da Inna Ta Zo Taron Gyara

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Dogon Dutsi ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya. Yau ina ba da labarin ina dariya har da hawaye, amma a ranar, da ƙasa ta taimake ni ta tsage, da na shige ko hulata ban tsaya ɗauka ba.

Lokacin ba a daɗe da ɗaga tutar ƙasa ba. Nasaru suna ta haɗa akwatunansu, mu kuma 'yan lakwal, wato masu ilimin boko, muna ta gwada kujerunsu mu ga wadda ta yi daidai da mu. Akwai wata maƙera a bakin gari inda ake ƙera garmar shanu da amalanken jaki ana kai wa manoman Arewa. Nasaran da ke riƙe da ita ya tafi, aka duba aka ga ni ne komi, wato magatakarda, mai kyawun rubutu a biro, ofis ke nan, sai aka ce in riƙe ta. Riƙon ƙwarya ne dai. Ansifekta zai zo daga Yamai kafin damina. Idan ya ga aiki yana tafiya a tabbatar da ni, idan bai gani ba in koma teburina na kwafar takardu, a kawo wani. (Ni da na riga na ɗinka sabon kaki mai manyan aljihu, na kuma koya wa kowa ya riƙa ce mini "Shef", kun san komawa teburin nan ba ƙaramin tashin hankali ba ne a wurina.)

In faɗa muku gaskiya, har ranar da aka ba ni maƙerar nan ban taɓa riƙe guduma ba, in ban da wadda na ara na kafa ƙusar rataye madubi, ita ma na daki yatsa. Saboda haka aka tura ni ɗan gajeren horo a Yamai, wanda muke kira sitaj, a koya mini yadda ake tafiyar da ma'aikata. Malaminmu wani dogon Nasara ne mai jan wuya, kuma har gobe ina cewa mutumin nan ya san abin da yake faɗa. Ya ce duk abin da ake yi a wurin aiki wanda ba ya ƙara wa mai sayen kaya komai, asara ce. Jira asara, kai da komowa asara, jibge kaya a gefe asara, sake aikin da aka riga aka yi shi ma asara. Ya ce ba a gyara wurin aiki rana ɗaya, kullum ake yi, kaɗan-kaɗan. Ya ce a tambayi mai aikin, don shi ya san inda abin yake masa ciwo. Sannan ya ce kada shugaba ya maƙale a biro, ya je ya tsaya inda ake aikin ya gani da idonsa. Duk na haddace. Amma wannan ta ƙarshen ita ta fi zauna mini, domin na lura ita ce wadda mutane za su riƙa ganina ina yi.

Na dawo Dutsi kaina ya yi girman tulu. Babban maƙerinmu wani dattijo ne, Baba Tankari, wanda ya haifi kamata har da ƙannena. Ba shi da yawan magana, kuma tun kakanninsa ƙira suke yi. Sai Bulus kafinta, Kirista daga unguwar mishan, shi ke yin katakon amalanke, mutumin da dariya take zaune a maƙogwaronsa tana jiran dalili. Sauran maƙera ne da masu zuga, dukkansu magidanta. Na tara su na zazzage musu duk abin da Nasara ya faɗa, rabi da Hausa rabi da Faransanci, suna ta gyaɗa kai.

Kuma don Allah kada ku ɗauka ban tsinana komai ba. Na tarar ana ajiye gawayi can ƙarshen fili, sai mutum ya bar wuta ya tafi ɗebowa. Na sa aka gina masa rumfa kusa da murhu. Na tarar kullum ana cigiyar awartaki, wannan ya ce wancan ne ya ɗauka. Na sa aka kafa ƙusoshi a bango, kowane kayan aiki da mazauninsa. Aiki ya ɗan yi sauri, kowa ya gani. Ran nan Baba Tankari ya miƙa hannu ya ɗauko awartaki ba tare da ya waiga ba, ya dube ni ya ce, "Wanga kam ya yi, Shef."

Wannan yabon shi ya hallaka ni. Daga ranar na gaskata cewa Allah ya aiko ni ne musamman don in ceci maƙeran Arewa daga asara.

Na samo wani tsohon ƙarfen ƙafar mota na rataye shi a bishiyar bedi, wato dogon yaro, da ke tsakar fili, irin wanda ake bugawa a lakwal. Da farko ranar kasuwa kawai nake buga shi, mu zauna taron da na raɗa wa suna taron gyara, inda kowa zai faɗi abu guda da ke ɓata masa aiki, mu kawar da shi. Daga baya na ga mako ya yi nisa, ai Nasara cewa ya yi kullum. Sai na mai da shi kowace safiya. Daga nan kuma duk lokacin da wata dabara ta faɗo mini, ba na iya riƙe ta, sai in ruga in daki ƙarfen nan. (Dabaru kuwa a lokacin suna zuwar mini kamar atishawa.) Da sun ji ƙara, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo ya tsuguna a inuwa, ni kuma in tsaya a tsakiya, hannu ɗaya a aljihu, in yi musu dogon bayani a kan illar ɓata lokaci.

Ban tsaya nan ba. Tun da sake aiki asara ne, sai na kafa doka: babu ƙarfen da zai bar hannun wani ya koma hannun wani sai na duba shi na shafa masa alli. Me nake dubawa? Oho. Ina dai juya shi, in ƙwanƙwasa, in kanne ido ɗaya in leƙa tsawonsa kamar yadda na ga Baba Tankari yana yi, sannan in ce "Bon," in ja farin layi. In kuwa aka kira ni biron kumandan mai mulkin gari, ko na shiga rubuta rahoton irin ci gaban da muke samu, sai kaya su taru a ƙofata suna jiran allina. In na fito na ga tulin, raina ya ɓaci, don jibge kaya asara ce. Sai in daki ƙarfe, mu yi taro a kan abin da ke sa kaya taruwa.

A duk tarukan nan tambayata ɗaya ce. "Alor, wa yake da matsala? Ku faɗa, kada ku ji tsoro. Ko ni ne matsalar ku faɗa." In faɗi haka in yi dariya, don a ganina na yi barkwanci.

Baba Tankari zai dubi ƙasa ya ce, "Lahiya lau, Shef. Komi na tahiya daidai. Allah shi ƙara basira."

Sauran su ce amin.

Sau ɗaya Bulus ya yi ƙarfin hali. Ya sosa ƙeya ya ce, "Shef, taron ga na da amfani ƙwarai. Sai dai in mun koma, mu kan ishe wuta ta mutu, sai an sake hura ta."

Na tafa hannu don murna. "Kun gani? Ga irin maganar da nake nema! Wato gawayin da ake kawo mana ba shi riƙe wuta." Nan take na tsawaita taron, muka tattauna batun gawayi har rana ta take. Na lura Bulus ya sa hula ya rufe fuskarsa kafaɗunsa suna rawa, na ɗauka hayaƙi ne ya shige masa ido.

Ni ɗan Arewa ne, an haife ni a cikin mutanen nan, na kuma san sarai cewa dattijo ba zai dubi shugabansa a tsakiyar jama'a ya faɗa masa aibinsa ba, ko da shugaban sa'an ɗansa ne. A wurinmu wannan tsiraici ne, wanda aka yi wa da wanda ya yi duk sun ji kunya. Na sani. Amma sitaj ɗin Yamai ya hau kan wannan sanin ya zauna daram.

Zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa. Manoma daga wajen Gesheme da Dumega suna zuwa tambayar garemaninsu, ana ce musu su dawo. Ni ma na ga kayan da muke fitarwa sun ragu, hankalina ya tashi, don na san ansifekta yana tafe. Kun san maganin da na ga ya dace? Na ƙara yawan taro.

Sai ga saƙo cewa zai iso ranar kasuwa. Na ce madalla, ta faɗo daidai da babban taron gyara. Na sa aka share fili aka yayyafa ruwa, aka shafa wa duwatsun bakin ƙofa farar ƙasa. 'Yan garemanin da muka gama na sa aka jera su nesa-nesa da juna don su cika ido. Na ja Bulus gefe na ce masa in na yi tambaya a gaban baƙo, ya ɗaga hannu ya ce randar ruwan sha ta yi nisa, ni kuma in ba da umarni a matso da ita nan take, baƙo ya ga yadda gyara yake gudana a wurinmu. (Ni na sa aka kai randar can nesa tun da safe, don a sami abin matsowa.)

Ansifekta ya iso da hantsi a motar sarwisi, wato ta gwamnati. Siririn mutum ne mai tabarau, asalinsa daga wajen Damagaram, yana magana a hankali kamar mai tsoron kada kalma ta zube. Ya zaga fili, ya bi garemanin nan da kallo, ya kuma kalli filin da ke tsakaninsu. Na kawo masa kujerata ya zauna a gindin bedi. Na gyara kaki, na ɗauki sanda na daki ƙarfe da dukan ƙarfina. Maƙera suka ajiye aiki suka zo suka tsuguna.

Na yi jawabi, Allah ya sani na yi jawabi. Sannan na juya na ce, "Alor, wa yake da abin da ke ɓata masa aiki?"

Bulus ya fara ɗaga hannu ke nan, sai muka ji sallama daga bakin ƙofa. Muryar mace ce, kuma tun kafin in waiga na san muryar.

Inna ce. Mahaifiyata, daga Kore Mairuwa, da baƙin zanenta na saƙi da ƙullin kaya a ka, ƙurar motar kasuwa har a girarta.

Sai daga baya na ji yadda aka yi. Da maƙeran nan suka ga damina ta matso, aiki ya tsaya, ga kuma ansifekta tafe, suka san in aka ci gaba a haka za a cire ni. Ba sa son a cire ni, bayin Allah. Sai suka yi abin da ake yi a ƙasarmu in mutum ya kauce hanya kuma ba a iya faɗa masa: a je a sami na gaba da shi a gida. Mahaifina ya rasu, ƙanensa ya tafi cin rani Kurmi, saura Inna. Baba Tankari da wani dattijo suka ɗauki goro ranar hutu suka tafi har Kore Mairuwa, suka roƙe ta ta ja mini kunne a asirce. Ita kuwa ta ce sai ranar kasuwar Dutsi, da yake ranar ce mota take zuwa. Babu wanda ya san ranar ce baƙo zai zaɓa.

Ga kuma inda gizo yake saƙar. Ni ne ɗan farinta. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye in da mutane a wurin. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma tata mai kauri ce. In tana da magana da ni, sai ta sami wani ta ce, "A ce ma wancan kaza." Haka muka rayu, ban taɓa jin abin ya dame ni ba sai ranar.

Ta sauke ƙullinta, ta gaida jama'a ɗaya bayan ɗaya, ta tsallake ni kamar turke. Baba Tankari ya yunƙura zai tare ta, fuskarsa ta yi fari fat, amma ya makara. Ta riga ta hango mutum mai tabarau a kan kujera, kowa kuma a ƙasa.

"Kai ab babba wurin ga?" in ji ta.

Ansifekta ya miƙe da ladabi ya ce, "Haka ake cewa, Inna. Sannu da hanya." Ya ba ta kujerar, ta ƙi, ta zauna a kan tabarma.

"To madalla, Allah ya kawo ni daidai. Saƙo gare ni zuwa ga wancan." Ta nuna wajena da haɓa, idonta yana kan bishiya. "Ni na haihe shi, ba ni iya hwaɗa mai. Kai da kah hi shi, ka isar min."

Na buɗe baki zan ce a bari sai an tashi. Ansifekta ya ɗaga mini hannu. Na ga wani abu ya gilma a bayan tabaransa, wanda a lokacin na ɗauka fushi ne. Mutumin nan Bahaushe ne, ya gane al'adar tun kafin ta rufe baki, kuma ya yanke shawarar zai yi aikin ɗan aike yadda ya kamata.

"Ina saurare, Inna."

"Ka ce mai shi bar buga ƙarhen ga nai. Mutane na bisa aikinsu, ƙarhe na cikin wuta ya yi ja, sai shi kira su su zo su zamna shina ta zuba. Kahin su koma ya huce, sai a sake."

Ansifekta ya juyo gare ni, ya gyara murya kamar mai karanta sanarwar gwamna. "Shef, Inna ta ce a faɗa maka ka bar buga ƙarfen nan naka. Ta ce kana ta zuba, ƙarfen mutane yana hucewa."

Tsakanina da Inna bai fi tsawon tabarma ba. Na ji ta sarai da kunnena. Amma sai da kowace kalma ta sake bi ta bakin mutumin da ke riƙe da makomata, a hankali, a gaban duk ma'aikatana.

"Ka ce mai kuma, wanga alli da shika shahwa ma kayan mutane, mi ya sani ga ƙira? Gidanmu ba maƙeri. Ubanai manomi na, kakanai manomi na."

"Shef, ta ce me ka sani a ƙira? Ta ce gidanku babu maƙeri."

"Tsohhin ga sun taka hak Kore Mairuwa da goronsu, don kunya ta hana su hwaɗa mai. Sun ce yaron kirki na, ba shi zagi, ba shi cin haƙƙin kowa, ya gyara musu wurin gawayi. Amma ya tsaya musu bisa aiki, ba shi yi, ba shi bari a yi."

Ansifekta ya maimaita, har da wurin gawayin, bai rage ko wasali ba. Gumi ya jiƙa mini sabon kaki tun daga wuya har ƙugu. Baba Tankari ya sunkuyar da kai har gemunsa yana taɓa gwiwa. Na yi zaton an gama. Ashe Inna ta ajiye mai nauyin a ƙarshe.

"Ba yau ya hwara ba. Tun shina ƙarami haka shike. In mata na daka, sai shi zo shi tsaya bakin turmi, ba ko wando, shina gwada musu yadda aka riƙon taɓarya."

Wannan karon ansifekta ya ɗan jima yana goge tabaransa da gefen riga. Ya mai da shi, ya dube ni. "Shef, ta ce tun kana ƙarami..."

"Na ji, Mushe," na ce, wato ranka ya daɗe da Faransancinmu, da wata murya da ban san ina da ita ba.

"A'a, saƙo amana ne." Ya ƙarasa shi tsaf, har da batun wandon.

A nan Bulus ya kasa. Dariyar da ya daɗe yana dannewa ta ƙwace masa, ya tashi da gudu ya yi bayan rumfar gawayi, muna jiyo shi yana tari yana kiran sunan Allah. Masu zuga suka bi shi ɗaya ɗaya. Ni kuwa ina tsaye da sandar buga ƙarfe a hannu, na rasa inda zan ajiye ta.

"Kana da amsa?" in ji ansifekta. "Ni dai ɗan aike ne."

Na ce, "A ce mata na ji."

Ya juya da natsuwa. "Inna, ya ce ya ji."

"To, shi ke nan abin da yak kawo ni."

Da jama'a suka koma bakin wuta, ya kira ni cikin biro ya rufe ƙofa. Na tsaya ina jiran a ce in tattara allina. Ya ɓare goro ya ci, sannan ya ce ba zai tabbatar da ni yanzu ba, ba zai kuma cire ni ba. Zai dawo bayan kaka ya sake dubawa. Zuciyata ta yi nauyi, don na riga na gaya wa rabin garin nan cewa an gama magana.

"Tsarin naka ba shi da laifi," in ji shi. "Ka ce a nemo abin da ke ɓata aiki, an kuwa nemo. Sai dai maganar da ya kamata ta taso daga bakin murhu ta iso ƙofar nan, sai da ta bi ta Kore Mairuwa ta hau motar kasuwa. Kai da ka yi sitaj, ka san wannan kai da komowa ne. Ka rage mata hanya."

Da la'asar na raka Inna tasha, ina biye da ita a baya da ƙullinta, wanda ashe gyaɗa ce da kuka ta kawo mini. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba, har ina ayyana cewa ba zan je gida da salla ba. Ta hau bayan mota ta zauna a kan buhu. Baba Tankari ya biyo mu don ya ba ta haƙuri, ya ba ni haƙuri, ya rasa ma wa zai fara ba. Da direba ya ta da inji, sai ta dubi Baba Tankari ta ce, "Ka ce mai na ga ya rame. Shi riƙa cin tuwo. Kuma ku riƙe min shi, ku a iyayenai nan."

Baba Tankari ya buɗe baki zai maimaita, na ce masa ya bari, wannan na ji. Na juya baya ina kallon dutse, don kada a ƙara ganin Shef cikin wani sabon hali a rana guda. Tausayinta ya kama ni, da kuma kunyar dattawan nan da suka zaɓi su yi doguwar tafiya a kan su ba ni kunya.

Washegari na kwance ƙarfen nan daga bishiya na miƙa wa Baba Tankari, ya sare shi ya yi bakin garma da shi. Alli na kai wa 'yan lakwal. Taro ya koma ranar kasuwa kawai, shi ma sai an kashe wuta. Na gano kuma cewa mutumin da ba zai ce uffan a tsakiyar da'ira ba, in ka tsuguna kusa da shi ku biyu kana taya shi tsince gawayi, ko kuka jera kuna tafiya gida, zai faɗa maka abin da ke damunsa, ko da zai ce wani abokinsa ne abin ya dama. Ta haka gyare-gyaren gaske suka riƙa fitowa, ƙanana ƙanana, yawancinsu ba nawa ba. Garemanin dai ba duka suka riski shukar farko ba, wannan kuwa yana wuyana. Bayan kaka ansifekta ya dawo, ya zaga, ya tabbatar da ni. Kafin ya shiga mota ya tambaye ni lafiyar Inna, ya ce in tana da wani saƙon yana nan.

Na yi shekaru ina shugabantar mutane bayan wannan, a wurare daban-daban, kuma abin da na koya bai taka kara ya karya ba. In shugaba ya fito farautar abin da ke hana aiki tafiya, ya fara duba inda shi kansa yake tsaye. Har na bar aiki, duk ranar da na tambayi mutanena ko akwai matsala suka haɗa baki suka ce lafiya lau, ba na murna. Sai in ji gabana ya faɗi, in fara leƙen ƙofa ina tunanin wace mota ce ta taso daga Kore Mairuwa.